Shiru-shiru a Ikko, garin da jama'a ce jari

Akwai wani saurayi da na sani a kasuwar Mile 12 da ke Ikko, wato Legas, ɗan wajen Kebbi, yana riƙe wa kawunsa lissafi a layin 'yan albasa. Duk buhun da aka sauke daga mota, duk bashin da wata 'yar sari ta ɗauka da alkawarin biya ran Juma'a, yana cikin littafinsa, kuma ba a taɓa kama shi da kuskuren ko sisi ba. Amma da la'asar, in kasuwa ta lafa aka kewaye mai shayi ana musun siyasa da ƙwallo, sai a neme shi a rasa. Yana can bayan wata tirela, zaune a kan buhu shi kaɗai.

Ranar da kawun ya gaji, a gabana ya kira shi. "Kai ɗan nan, wai me mutane suka yi maka ne? Ana ta cewa girman kai gare ka. Nan fa Ikko ce, ba gida ba. Ranar da wani abu ya same ka, littafin nan ne zai ɗauke ka ya kai ka asibiti?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Wallahi Kawu babu wanda ya yi mini komai. In hayaniya ta yi yawa ne kaina yake ɗaukar zafi."

Na daɗe ina juya wannan magana, domin a cikinsu babu wanda ya yi ƙarya. Yaron ya faɗi gaskiyar jikinsa, kawun ya faɗi gaskiyar garin da suke ciki, kuma kowannensu yana jin ɗayan bai fahimce shi ba.

Tun daga sunan da muke kiran irin wannan mutum matsalar take farawa. In muna sonsa mu ce salihi ne, ba ruwansa. In ya ba mu haushi mu ce miskili. In muna tsoron abin da yake ƙunshe da shi mu ce mai zurfin ciki, in kuma zargi ya shigo sai ya koma sumumu-kasau. Kusan kowace kalma hukunci ce, ko yabo ko suka. "Shiru-shiru" ce kaɗai take bayyana halin ba tare da ta yanke wa mai shi hukunci ba, ita ma ya danganta da yadda aka murɗa baki wajen faɗinta. Kishiyarsa kuwa, mai faram-faram, mai jama'a, duk sunayensa na yabo ne.

Masana halayyar ɗan Adam sun fi shekara ɗari suna bin wannan bambanci. A 1921 likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, ya raba mutane gida biyu: waɗanda hankalinsu yake fuskantar waje, wurin mutane da abubuwan da ke faruwa, da waɗanda hankalinsu yake komawa ciki. Shi da kansa ya yi gargaɗi cewa babu mutumin da yake zalla ɗaya daga ciki, yawancin mutane a tsakani suke, kowa ya ɗan karkata wani gefe. Daga baya Hans Eysenck, wanda ya yi aikinsa a Landan, ya kawo bayanin da ya fi kusa da abin da yaron kasuwa ya gaya wa kawunsa. A ganinsa, ƙwaƙwalwar mai shiru-shiru a farke take tun kafin a taɓa ta, don haka ƙaramar hayaniya ta ishe ta, yayin da ta mai faram-faram sai an ƙara mata kiɗa kafin ta ji daidai. Kamar tulu biyu ne, ɗaya ya kusa cika, ɗaya yana rabi. Ruwan da zai yi wa na biyu daɗi shi zai sa na farko ambaliya. Har gwajin lemun tsami aka yi a shekarun 1960: in an ɗiga shi a harshe, masu shiru-shiru sukan fi tara yawu. Binciken da ya biyo baya ya gyara wa Eysenck wasu abubuwa, amma tushen maganar, cewa jikin mutane ba ɗaya yake ɗaukar motsi da ƙara ba, yana nan.

Jerome Kagan na Jami'ar Harvard a Amurka ya gangara har kan jarirai 'yan wata huɗu. Ana nuna musu baƙon abu ko a jiyar da su baƙuwar murya. Kusan ɗaya cikin biyar sai su ruɗe da kuka da harbe-harben ƙafa, kuma da aka bi su har suka girma, su ne suka fi zama masu ɗari-ɗari da baƙi. Sai dai ba dukansu ba. Binciken da aka yi ta yi a kan tagwaye ma ya nuna cewa gado yana ɗaukar wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali. Wato Bahaushe da ya ce hali zanen dutse ya faɗi rabin gaskiya. Sauran rabin yana hannun tarbiyya da sabo da inda mutum ya tsinci kansa.

To, inda mutum ya tsinci kansa shi ne batunmu.

A gida, shirun mutum yana da shaidu. In yaro ba ya magana a Daura ko Argungu, akwai dattijon da zai ce, "Ai halin babansa ya ɗauko, haka gidansu suke." An san asalinsa, an san wanda za a je wurinsa in ya yi laifi, an san inda za a nema masa aure. Al'adar ma tana ba shi inuwa. Kunya ado ce, kawaici mutunci ne, Fulani kuma sun ɗaukaka wannan har ya zama ginshiƙin filako. Lokacin da Baturen nan Anthony Kirk-Greene ya tattara siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe a 1974, ya lissafa gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu surutu a ciki, babu iya ba da labari a majalisa. Sai dai mai shiru-shiru kada ya yi saurin murna: karamci da ladabi ba a yin su a ɗaki a kulle.

A Legas shaidun nan duk ba su biyo ka ba. Jiha ce da ta fi kowace ƙanƙantar ƙasa a cikin jihohi 36, amma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da miliyan tara, gwamnatin jihar ta ƙi yarda da adadin, yanzu kuma tana cewa an haura miliyan 20. Kowa baƙo ne a wurin wani. Kwandastan danfo, bas ɗin haya na garin, yana ihu, janareto yana ruri a bayan taga, lasifikar coci da ta masallaci da ta mai sayar da magani suna gasa. Hayaniyar ta kai har gwamnatin Babatunde Fashola ta keɓe ranar 15 ga Oktoba 2014 a matsayin ranar da ba a son kowa ya danna hon. Garin da sai an roƙi mutane su yi shiru na yini ɗaya, ka san ba don mai tulu cike aka gina shi ba.

Amma hayaniya ita ce ƙaramar matsalar. Babbar ita ce yadda zaman Bahaushe a kurmi yake tafiya tun asali. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano wajen 1912, fataken goro da na shanu suka yi ta kafa zango a Agege da sauran wurare, kasuwancinsu kuma a kan amana da bashi da maigida yake tsaye. Maigida ne yake saukar da baƙo, ya tsaya masa, ya haɗa shi da dillali. Har yau tsarin bai sauya sosai ba. Ɗan ci-ranin da ya sauka a Alaba Rago ko Idi-Araba ko Ijora, wurin kwana ta hanyar ɗan garinsu yake samu. Aikin gadi a Lekki wani ne yake cewa "na san shi". Babur ko Keke na haya, adashi, kuɗin mota in an yi rasuwa a gida, beli in 'yan sanda sun yi kame, duk daga jama'a suke fitowa. Da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, dubban matasa suka wayi gari ba sana'a, kuma ba sai an faɗa ba, wanda ya san mutane shi ya fi saurin samun wata madafa. Haka ma lokacin rikicin Mile 12 na Maris ɗin 2016 da ya sa aka rufe kasuwar: a irin wannan rana, wanda aka saba gani shi ake fara tambayar ina yake. Wannan shi ne abin da kawun yake nufi da littafi ba zai kai ka asibiti ba. Ba surutu yake nema daga yaron ba, tsoro yake ji masa.

Sannan ga maƙwabta. Yarbawa mutane ne masu ɗaukar gaisuwa da nauyi ƙwarai, suna da ta safe, ta zama, ta aiki, ta dawowa daga kasuwa. A gidan haya irin na ɗaki-na-kallon-ɗaki, inda ake haɗa bayi da wurin girki, wanda ya wuce Iya mai gida bai ce uffan ba, ba za a ce halinsa ba ne. Za a ce raini ne, kuma ba shi kaɗai za a ɗora wa ba, har da duk mai sa doguwar riga da hula a layin.

Akwai abin da nake ganin muna yawan cakuɗawa, kuma cakuɗawar tana cutar da mutane. Ba kowane shiru ne hali ba. Wani yana son shiga mutane, tsoron a yi masa dariya ne yake riƙe shi. Wannan yana fama ne, kuma in aka ce masa "karɓi kanka yadda kake" an bar shi a kurkuku ke nan. Mai shiru-shiru na ainihi ba tsoro yake ji ba, gajiya yake yi. Wani kuma a garinsu aku ne, amma a Legas ba ya jin Yarbanci, burokarsa ba ta nuna ba, ya gaji da a kira shi "aboki" cikin izgili, sai ya kama bakinsa. Ka gan shi da dare a wurin mai shayi a Obalende ka ji yadda yake zuba. 'Ya'yan Hausawan da aka haifa a Agege, masu juya harshe uku a zance ɗaya, ba su san wannan shirun ba.

Na ƙarshe shi ne mai haɗari. Mutumin da da yake cikin mutane, sai ya fara janyewa, barci ya gagare shi ko ya yi masa yawa, abinci ya fita ransa, abin da yake so da ya daina burge shi, har aka yi mako biyu ko fiye a haka, wannan ba miskilanci ba ne. Alamun ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Hali ba ya faɗo wa mutum rana tsaka. Duk shirun da yake sabo a bincike shi. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana nan tun 1907, amma sunan unguwar kansa ya zama abin zolaya a bakin 'yan Legas, shi ya sa mutane suke gudunsa har sai abu ya ɓaci. Ni maigadin da yake kwana shi kaɗai a bakin get wata da watanni, iyalinsa suna Zamfara ko Damagaram, ya fi ba ni tsoro a kan yaron kasuwa. Yaron shi ya zaɓi bayan tirela. Maigadin ba shi ya zaɓi kaɗaicinsa ba.

Yanzu kuma wata magana ta shigo ta waya. Matasanmu masu karatu suna cin karo da ita a TikTok da Facebook: kai haka aka halicce ka, kada ka tilasta wa kanka, duk wanda yake gajiyar da kai ka yanke shi. Rabinta alheri ne. Na san mutanen da suka yi shekaru suna zaton an yi musu asiri ko suna da wata tawaya, don kawai taron biki yana wahalar da su. Ranar da suka gane cewa hali ne da miliyoyin mutane suke da shi, wani dutse ya sauka daga ƙirjinsu. Ɗaya rabin kuwa an ɗinka shi ne a jikin mutumin da yake da albashi da inshora da ɗaki nasa shi kaɗai, wanda in ya faɗi motar asibiti ce za ta zo ba maƙwabci ba. Wanda suke kwana su takwas a shago a Agege ba zai iya sa wannan riga ba. Kuma da sauƙi kalmar "haka nake" take zama mayafin lalaci: ba ka je gaisuwar mutuwa ba, ba ka duba maras lafiya ba, ba ka kira gyatuma ba wata guda, duk ka jingina wa hali.

Malamanmu sun riga intanet tattauna wannan. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda a Ihya'u a kan keɓewa da cuɗanya, ya jero amfanin kowanne da illarsa, bai yanke wa kowa hukunci ɗaya ba, ya ce abin ya danganta da mutum da halin da yake ciki. Hadisi ya ce mai imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru. Annabi (SAW) ya ji wani Ba'ansare yana yi wa ɗan'uwansa faɗa a kan yawan kunya, ya ce ya ƙyale shi, kunya tana cikin imani. Addinin da ya san Kogon Hira da i'itikafi ba zai ɗauki son kaɗaici aibi ba. Amma shi ne kuma ya ce muminin da yake cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu ya fi wanda ba ya yi, ya kuma ɗora amsa sallama da duba maras lafiya da raka gawa a matsayin haƙƙi. A nan nake ganin bakin zaren yake. Hali daban, haƙƙi daban. Zaman majalisa na awa uku ba haƙƙin kowa ba ne a kanka. Sallama haƙƙi ce.

Abin daɗin shi ne al'adarmu ta sauƙaƙa wa mai shiru-shiru biyan wannan haƙƙi fiye da yadda ya sani. Gaisuwar Bahaushe a shirye take, ba ta buƙatar ƙirƙira. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, madalla. Minti ɗaya ka biya bashin mutum, ba ka nemo labari ba, ba ka buɗe cikinka ba. Zuwa ta'aziyya ma zama ne da addu'a. Shiru a wurin ado ne. Salla a jam'i tana sa a san fuskarka sau biyar a yini ba tare da ka ce komai ba bayan sallama. Zumunci a ƙafa yake, aka ce, ba a ce a baki ba. Wanda ya iya gaisuwar Yarbanci irin su "e kaaro" da "e ku ise" ya ƙara da murmushi, ya gama da Iya mai gida.

Bincike ma ya ba da wani abin mamaki a nan. William Fleeson da abokan aikinsa a Amurka sun gano a 2002 cewa ko masu shiru-shiru, in suka ɗan saki jiki suka yi magana da kuzari na wani ɗan lokaci, sukan ji daɗi fiye da yadda suke a da. Wato sau da yawa fargabar taron ta fi taron kansa nauyi. Wani masanin, Brian Little, ya ce mutum yana iya fita daga halinsa saboda abin da yake da muhimmanci a wurinsa, sana'a ko iyali ko aƙida, da sharaɗin ya samu kusurwar da zai koma ya huce. Sharaɗin nan shi ne mutane suke mantawa. Bayan tirelar yaron nan ba gudun mutane ba ne, shi ne abin da yake ba shi ƙarfin fuskantar 'yan sari washegari. A hana shi, lissafin ma zai fara kuskure.

A kasuwa ma ba mai baki ne kullum yake cin riba ba. Adam Grant na makarantar kasuwanci ta Wharton ya bi masu tallar kaya ta waya su 340, ya wallafa a 2013 cewa waɗanda suke tsaka-tsaki, masu iya magana kuma masu iya saurare, su suka fi kawo ciniki, sun zarce masu yawan surutu. Duk wanda ya zauna da 'yan canji ko dillalan shanu a mayankar Oko-Oba ya san haka ba tare da an auna ba: akwai mai jawo mai saye, akwai kuma wanda ake ba ajiya. Na biyun galibi ba shi da yawan magana, kuma shi ya sa ake ba shi.

Mata nasu ya fi wuya, kuma ba a cika maganarsa ba. Amaryar da aka kawo daga Katsina ko Zariya aka sauke a ɗaki ɗaya a Agege, miji ya fita tun asuba sai dare, idan mai shiru-shiru ce za ta iya shekara ba ta da wadda za ta aika wa gishiri. A gida kunyarta abin yabo ce. A nan matan layi za su ce tana ji da kanta, ranar sunanta kuma a ga tsakar gida fayau. Ita ba ta buƙatar ƙawaye ashirin. Mutum biyu sun isa, wata dattijuwa a gidan da wata a Islamiyya, waɗanda in ba su gan ta kwana biyu ba za su ƙwanƙwasa. Kuma a nan nauyin ya fi hawa kan matan da suka riga ta zama, don mai irin wannan hali ba ta iya fara sallama, amma ba ta manta wadda ta fara yi mata.

Wurin hucewa kuwa a Legas sai an nemo shi kamar ruwa a rani. Wani masallaci ne tsakanin Magariba da Isha'i. Wani tashi yake yi kafin kowa. Wani ya toshe kunne da abin sauraron waya a cikin jirgin ƙasan da yake bi ta Agege zuwa Oyingbo, ko da ba ya sauraron komai, don a ƙyale shi. Ita wayar ina ɗan shakkarta: tana rufe maka ƙofa daga mutanen da ke gabanka, ta buɗe maka ta mutum dubu. Wanda ya gudu daga majalisa ya faɗa rukunin WhatsApp goma bai huta ba.

Shi dai yaron kasuwa, abin da suka daidaita a kai da kawunsa ba wani babba ba ne. Da safe yana bin layin 'yan albasa ya gaida kowa da sunansa. Da la'asar yana zama a wurin mai shayi gwargwadon kofi ɗaya, ya tashi. In wani ya ce ina zuwa kuma, kawun ne da kansa yake amsawa, "Ku bar shi, lissafi zai rufe," ko da ya san an rufe lissafin tun azahar. Har yanzu akwai masu ce masa miskili. Kawun ma bai daina mita ba, ya dai sauya mata wuri. Rannan na ji yana ce wa wani abokinsa, "Alhaji, kasuwa kam ya iya. Abin da yake damuna yanzu, in lokacin aure ya yi, wa zai je masa zance?"